Darasi na 9: Nisan Tafiya da Shan Mai a Kan Hanya

Duk wanda ya tsaya bakin titi na ɗan lokaci yana kallon abin da ke wucewa zai ce ƙananan motoci da babura ne suka cika hanya, saboda haka su ne masu shanye mai. Da gaskiyarsa, amma ba duka ba. Yawan abin hawa kawai ido yake ƙirgawa. Ba ya ganin nisan da kowace mota ta ci tun daga farkon shekara, ba ya kuma ganin abin da tankinta ya haɗiye kafin ta kai can. Kafin a ce ga wanda ya fi shan mai a ƙasa, sai an haɗa lambobi uku: motocin guda nawa ne, kowace nisan nawa take yi a shekara, kuma lita ɗaya kilomita nawa take kai ta. In aka rasa ɗaya daga cikin ukun nan, lissafi ya rushe.

Za mu ɗauki Amurka a matsayin misali, domin ƙasa ce da ta daɗe tana wannan ƙididdiga, tana kuma wallafa ta kowa ya gani. Hukumar kula da manyan hanyoyi ta tarayyarsu, wato FHWA, tana fitar da kundin alƙaluman hanyoyi kowace shekara tun 1945. A cikin kundin akwai wani jadawali mai suna VM-1, wanda ya tattara tafiyar ƙasar gaba ɗaya, ya raba ta bisa nau'in abin hawa da nau'in hanya, sannan ya faɗi man da kowane nau'in abin hawa ya ƙona. Da na shekarar 2019 za mu yi aiki, domin ita ce ta ƙarshe kafin annobar korona ta hargitsa zirga-zirga. Idan muka iya karanta shi, sai kowa ya yi irin lissafin a kan babur ɗinsa, ko kekensa, ko motar da yake tuƙawa.

Ma'auni tukuna

Amurkawa da mil suke auna nisa, da galan suke auna mai. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan ɗoriya. Galan ɗinsu lita 3.8 ne babu kaɗan, ya kasa na Ingila wanda ya kai lita 4.5. Idan kuka ga an ce mota tana yin mil kaza a galan ɗaya, ku ninka lambar da 0.425, sai ta koma kilomita a lita. Motar da ke yin mil 24 a galan, kilomita 10.2 ke nan a lita.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Motocin hannu da yawa da ake shigowa da su Najeriya daga Amurka suke, kuma mitarsu da mil take ƙirgawa. Mai saye ya leƙa ya ga 100,000 ya yi murna, alhali motar ta riga ta ci kilomita sama da 160,000. Duk alƙaluman da ke gaba an mayar da su kilomita da lita, an kuma daidaita su don sauƙin lissafi.

Yaya ake ƙirga tafiyar ƙasa guda?

Ba bin kowace mota ake yi a karanta mitarta ba. Hanya ake tsarewa, a ƙirga masu wucewa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta bututun roba. Baƙi ne, kaurinsa bai wuce na babban yatsa ba. Akan shimfiɗa shi a gicciye kan kwalta, a danne shi don kada ya goce, a toshe bakinsa ɗaya, ɗayan kuma a cusa shi cikin wani ɗan akwati da aka ɗaure da sarƙa a gefen hanya. Duk lokacin da taya ta taka shi, iskar da ke ciki sai ta ruga ta bugi na'urar da ke cikin akwatin, na'urar ta rubuta ɗaya. In aka shimfiɗa bututu biyu kusa da juna, tazarar lokacin da ke tsakanin bugun farko da na biyu takan nuna gudun motar. Daga gudun kuma ake gane tazarar da ke tsakanin layin tayoyin gaba da na baya. Da haka akwatin yake bambance babur da ƙaramar mota, da bas, da tirela mai layin taya biyar, ba tare da ya ga ko ɗaya ba.

Irin wannan ƙirga kwana ɗaya ko biyu akan yi a wuri, a naɗe bututu a yi gaba. Amma akwai wuraren da aka binne waya a cikin kwaltar kanta, tana jin ƙarfen duk motar da ta bi ta kanta, dare da rana, shekara cur. Waɗannan na dindindin su ke nuna yadda ranar aiki ta bambanta da ranar hutu, da yadda lokacin sanyi ya bambanta da lokacin zafi, sai a yi amfani da su a gyara ƙirgar kwana biyun nan ta zama matsakaicin shekara. Kamar mai sayen hatsi ne da ke zura hannu cikin buhu ya ɗebo kaɗan, ya san abin da ke ƙasa.

Daga nan sai ninkawa. A ce wani yankin hanya tsawonsa kilomita 10, kuma matsakaicin abin hawa 8,000 ne ke bi ta kansa kullum. Tafiyar yini ɗaya ita ce 8,000 sau 10, wato kilomita 80,000. A ninka da kwana 365, a samu kilomita 29,200,000 a shekara. Kowace jiha takan yi wannan lissafi a kan hanyoyinta ta aika wa tarayya, a tara.

Shi kuwa mai, ta wajen haraji ake kama shi. Ana karɓar haraji a kan kowane galan, don haka jihohi sun san abin da aka sayar. Sai a cire wanda ya tafi ga injunan gona, da jiragen ruwa, da sauran abin da ba ya hawa titi. Yawan motoci kuma daga ofisoshin rajista yake fitowa. Ya kamata mai karatu ya san cewa jimillar tafiya da jimillar mai sun fi tsayawa da ƙafarsu, amma rabon man tsakanin babur da bas da tirela ƙiyasi ne na ƙwararru, tunda gidan mai ba ya rubuta wace mota ce ta sha. Ƙiyasi ne mai tushe, ana kuma gyara shi idan sabon bayani ya zo.

Abin da jadawalin 2019 ya nuna

A shekarar, abin hawa miliyan 276 ne ke da rajista a Amurka. Tare suka yi tafiyar mil tiriliyan 3.26, wato kilomita tiriliyan 5.2 da ɗoriya, suka ƙona mai wajen lita biliyan 680. Ga yadda abin ya rabu:

Nau'in abin hawa | Yawansu | Kilomitar kowane a shekara | Kilomita a lita | Litar kowane a shekara
Ƙananan motoci | miliyan 254 | 18,500 | 9.4 | 2,000
Babura | miliyan 8.6 | 3,700 | 18.7 | 200
Bas-bas | miliyan 1 | 29,000 | 3.1 | 9,300
Manyan motoci masu jiki ɗaya | miliyan 10 | 19,800 | 3.2 | 6,200
Tireloli | miliyan 2.9 | 96,000 | 2.6 | 37,000

Manyan motoci masu jiki ɗaya su ne irin su tifa, da motar kwashe shara, da motar rarraba kaya, waɗanda kai da bodi suke haɗe. Tirela kuwa ita ce mai kai daban da bodi daban, ana haɗawa ana rabawa.

Ku lura cewa layin tsaye na ƙarshe daga na uku da na huɗu yake fitowa. A raba kilomitar shekara da kilomitar lita, a samu litar shekara. Ku gwada da ƙaramar mota: 18,500 a raba da 9.4 ya ba da kusan 2,000.

Ƙananan motocin ma jadawalin ya kasa su gida biyu, bisa tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya. Waɗanda tazararsu ba ta wuce mita 3 da ɗan kaɗan ba suna yin kilomita 10.2 a lita. Masu tsawo, irin manyan akori-kura da manyan jif da Amurkawa ke so, kilomita 7.5 suke yi. In duka biyun suka yi tafiyar kilomita 18,500, ta farko za ta sha lita 1,800, ta biyu ta sha kusan 2,500. Ratar lita 650 ke nan ko fiye kowace shekara, alhali sau da yawa mutum ɗaya ne a cikin kowace, yana zuwa aiki yana dawowa.

Tirela

A nan ne darasin yake, don haka bari mu daɗe. Tireloli kashi 1 ne cikin 100 na abin hawan ƙasar. Amma tafiyarsu ta haura kashi 5, man da suka sha kuma ya kai kashi 16. In aka haɗa su da manyan motoci masu jiki ɗaya, duka ba su kai kashi 5 na abin hawa ba, sun yi kashi 9 na tafiya, sun shanye kashi ɗaya bisa huɗu na man da aka ƙona a kan titi, galibinsa dizal. Tirela ɗaya tana shan abin da ƙananan motoci 18 ko 19 za su sha a shekara, domin abu biyu sun haɗu mata: ta fi su nisan tafiya ninki biyar, kuma kowace kilomita ta fi su ci kusan ninki huɗu.

Saboda haka ɗan gyara a jikin tirela ba ƙaramin abu ba ne. A ce an inganta wata tirela daga kilomita 2.6 zuwa 3.0 a lita. A ido kamar ba a yi komai ba. Amma a tafiyar kilomita 96,000, shanta ya sauko daga lita 36,900 zuwa 32,000, an tsira da lita 4,900. A ce kuma mai ƙaramar mota ya sauya tasa mai yin 9.4 da wata mai yin 14. Wannan babban tsalle ne, amma a tafiyar kilomita 18,500 lita 650 kawai ya rage. Shi ya sa kamfanonin sufuri a can suke kafa wa kan tirela wata hula mai santsi a sama, suna kuma rufe gefen bodi tsakanin tayoyi da faifai, don iska ta zame ta wuce. Sun yi lissafi sun ga kuɗin yana dawowa.

To, kada wani ya ɗauka tirela ɓarna ce. A tambayi abin da ta ɗauko. A ce tana ɗauke da tan 20 za ta kai nisan kilomita 1,000: lita 385 za ta sha. In aka ce akori-kura ce za ta yi aikin, kowace ta ɗauki tan ɗaya tana yin kilomita 7.5 a lita, sai an sami guda 20, kowace ta sha lita 133, jimilla sama da 2,600. Ninki bakwai ke nan. Haka bas. Tana yin kilomita 3.1 kacal a lita, amma in mutum 40 ne a ciki, kowace lita ta yi wa fasinjoji aikin kilomita 124. Ƙaramar mota mai mutum ɗaya 9.4 ta yi, ko mutum huɗu ta ɗauka ba ta kai 38 ba. Sharaɗin dai a cika. Tirelar da ta sauke kaya ta juyo fanko, da bas ɗin da ke yawo da fasinja uku, su ne asara ta gaske, kuma duk direban da ya taɓa kwana a tasha yana jiran lodin komawa ya san haka tun kafin a rubuta masa.

Babura kuwa, a Amurka yawancinsu na sha'awa ne, ana fito da su in gari ya yi daɗi. Kilomita 3,700 a shekara wajen kilomita 10 ne a yini. Ɗan acaɓan da ke yin kilomita 100 kullum zai wuce wannan cikin mako biyar zuwa shida. Injunansu kuma manya ne, shi ya sa lita ke kai su 18.7 kawai, alhali ƙananan baburan da muke hawa sun fi haka nesa ba kusa ba. Wannan gargaɗi ne babba: hanyar lissafin za mu ara, lambobin kuwa nasu ne. Wanda ya kwaso lambar baburan Amurka ya ɗora wa na Katsina ko Maraɗi ya yi kuskure tun daga tushe.

Hanya ma iri-iri ce

Jadawalin ya raba hanyoyi gida biyu da farko, na karkara da na birni, sannan kowane gida ya sake rabuwa bisa aikin da hanyar take yi. A sama akwai hanyoyin Interstate, masu haɗa jiha da jiha, waɗanda Shugaba Dwight Eisenhower ya sa hannu a kan dokar gina su a 1956. Tagwaye ne, ba danja, ba mahaɗa, ana shiga ana fita ne ta wuraren da aka tanada kawai. A ƙarƙashinsu akwai sauran manyan hanyoyi, sai masu tattaro motoci daga unguwanni da ƙauyuka, sai ƙananan tituna na ƙofar gida.

Tsawon hanyoyin ƙasar duka ya kai kilomita miliyan 6.7. Na Interstate wajen kilomita 78,000 ne, kashi 1 da ɗan kaɗan. Amma kashi ɗaya bisa huɗu na tafiyar ƙasar a kansu ake yi, haka ma kimanin rabin tafiyar tireloli. Ƙananan tituna kuwa su ne kusan kashi 70 na tsawon, amma tafiyar da ake yi a kansu ba ta kai kashi 15 ba. Abin da muka gani a motoci shi muka sake gani a hanyoyi: 'yan kaɗan ne ke ɗauke da nauyin.

Birane ke da kusan kashi 70 na tafiyar, karkara kashi 30. Sai dai in aka ɗora adadin masu mutuwa a haɗari a kan wannan, abin yana tayar da hankali. Mutum sama da 36,000 ne suka rasu a kan titunan Amurka a 2019, kuma in aka auna da nisan tafiya, yawan mutuwa a hanyoyin karkara ya kusa ninka na birni. Gudu ya fi yawa a can, asibiti kuma ya fi nisa. Ba don an san nisan tafiyar kowace hanya ba, da ba za a gane haka ba, sai a yi ta duban inda motoci suka fi cunkoso.

A Najeriya rabon da aka fi sani shi ne na mai hanya: ta tarayya, ta jiha, ta ƙaramar hukuma. Cikin kusan kilomita 200,000 da ƙasar ke da su, na tarayya wajen 35,000 ne, kuma a kansu kayan da ke tasowa daga tashoshin jiragen ruwan Legas zuwa Arewa suke bi, a kansu hatsi da dabbobi ke gangarawa Kudu. Wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano ya ga jerin tireloli a Tafa da Mararrabar Jos ya ga abin da jadawali irin wannan zai nuna da lambobi. Sanin mai hanya yana gaya mana wanda za a tambaya in ta lalace. Wadda za a fara gyarawa kuwa, sai an ƙirga abin da ke binta.

Abin da hanya ke yi wa tanki

VM-1 ya raba tafiya bisa hanya, amma mai bisa abin hawa kawai ya raba shi. Tasirin hanya a kan shan mai daga gwajin motoci aka san shi. Kowace sabuwar ƙaramar mota a Amurka tana zuwa da takarda manne a gilashinta mai nuna nisan da take yi a galan ɗaya, akwai lambar cikin gari da ta babbar hanya, kuma a yawancin motoci ta cikin gari ce ƙarama.

Dalili a fili yake. Tayar da mota daga tsaye shi ya fi cin mai. Duk lokacin da direba ya taka birki, ƙarfin da ya saya da kuɗinsa ya zama zafi a jikin birkin ya bi iska, sai ya sake taka totur ya sayi wani. A cikin gosulo kuwa inji yana ci mota ba ta motsi. Babbar mota in tana tsaye inji na aiki takan sha wajen lita 3 a awa ɗaya. Motoci masu haɗa inji da batir an ƙera su ne don su kama wani ɓangare na ƙarfin birkin nan su mayar cikin batir, shi ya sa su a cikin gari suke nuna gwaninta.

A babbar hanya iska ce abokiyar gaba. In gudu ya ninka biyu, turjiyar iska ninki huɗu take yi. Ma'aikatar makamashin Amurka tana faɗa wa direbobi cewa daga mil 50 a awa, wato kilomita 80, shan mai yakan fara hawa da sauri. Direban haya da ke zuba 140 don ya riga 'yan'uwansa shiga layi yana biyan kuɗin gaggawarsa a gidan mai, ban da kasadar rayukan da ya ɗauko. Lodin da aka ɗaure a kan rufi, da but da aka bari a buɗe an ɗaure da igiya, da tayar da iskarta ta yi ƙasa, duk suna ƙara ci. Hanya mai ramuka ko yashi kuma takan haɗa sharrin biyu, a yi ta birki ana komawa ƙaramar giya, mota ta wuni tana kuka ba ta yi nisa ba.

Wa ke cin hanya, wa ke biya?

Injiniyoyi sun gina hanyoyin gwaji a kusa da garin Ottawa na jihar Illinois, tsakanin 1958 da 1960 suka yi ta zagaya su da motoci masu nauyi daban-daban har kwaltar ta farfashe. Abin da suka gano har yau ana aiki da shi: in nauyin da ke kan layin taya ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya wajen ninki 16 take yi. Don haka dokar tarayyarsu ta ƙayyade nauyin tirela da kayanta a kan Interstate, kada ya wuce wajen tan 36 sai da izini na musamman, aka kuma kafa ma'aunai a bakin hanya. Mai kayan da ya matsa wa direba ya ƙara lodi fiye da ƙima, ribar tasa ce shi kaɗai, ramin kuwa na kowa ne.

Kuɗin gyaran hanya a can daga harajin mai yake fitowa, ana zuba shi a wani asusu da aka kafa a 1956. Harajin tarayya santi 18.4 ne a galan ɗin fetur, santi 24.4 a na dizal, kuma tun 1993 ba a taɓa shi ba. Kayan aiki sun yi tsada, motoci sun rage shan mai, masu lantarki kuma ba sa saye ko ɗigo. Tun 2008 majalisar dokokinsu take ɗebo kuɗi daga baitulmali tana cike giɓin asusun. Jihar Oregon, wadda ita ta fara ɗora haraji a kan fetur a 1919, ta buɗe wani shiri a 2015 inda mai mota zai iya zaɓar biya bisa nisan da ya yi. A 2020 ma an ga yadda kuɗin ke rawa: da aka kulle gari saboda korona, tafiyar watan Afrilu ta faɗi da kusan kashi 40, ta shekarar duka ta sauko zuwa mil tiriliyan 2.9.

Naku jadawalin

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin fetur a Najeriya, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta ƙara gaba. Mai abin hawan da bai san abin da injinsa ke ci ba, a duhu yake sana'a. Yawancinmu in mun shiga gidan mai cewa muke, "A sa min na dubu biyar," mu wuce. Da haka ba za a taɓa sanin komai ba, don kuɗi yana sauyawa, lita ce ba ta sauyawa.

Ga yadda ake yi. Ku cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, kada a ƙara matsawa. Kafin ku tayar, ku rubuta kwanan wata da lambar da mita ta nuna. Ku yi aikinku yadda kuka saba. In za ku sake shan mai, ku koma gidan man nan, in da hali famfon nan, ku sake cikawa, ku dubi allon famfo ku rubuta litar da ta shiga da sabuwar lambar mita. Litar da ta shiga yanzu ita ce wadda aka ƙona tsakanin cikawa biyun. Wanda mitarsa ta mutu ya gyara ta, kafin nan ya yi amfani da taswirar waya ko hanyar da ya san tsawonta.

A ce mai Adaidaita Sahu ya rubuta 12,340 da farko, da ya dawo ya ga 12,640, kuma lita 12 ta shiga. Ya yi kilomita 300, a raba da 12, kilomita 25 ke nan a lita. A ce lita naira 900 ce: kowace kilomita tana cin masa naira 36 a mai kaɗai, kafin balas na mai keke, da bakanike, da taya. In yana yin kilomita 100 kullum, kwana 300 a shekara, tafiyarsa kilomita 30,000 ce, mansa lita 1,200, kuɗin naira 1,080,000. Ranar da lambar ta sauko daga 25 zuwa 20, shansa na shekara ya koma lita 1,500, ƙarin naira 270,000 ke nan. Filogi ne, ko matatar iska ce ta toshe, ko iskar taya, ko kuwa famfon gidan man ne ba ya cika awo. Littafin ba zai faɗi wanne ba ne, amma zai sa a tashi a duba tun kafin wata ya ƙare.

Awo ɗaya ba ya isa. A yi sau huɗu ko biyar a ɗauki matsakaici. A kuma ƙara layi guda a littafin don rubuta irin hanyar da aka fi bi a tsakanin: cikin gari, babbar hanya, ko burji.

Ayyuka

1. Wata mota da aka shigo da ita daga Amurka mitarta ta nuna 85,000. Kilomita nawa ke nan? Takardarta ta ce tana yin mil 30 a galan. Kilomita nawa za ta yi a lita?

2. Wata hanya tsawonta kilomita 25, abin hawa 3,000 ke binta kullum, 300 daga ciki tireloli ne. Ku fitar da tafiyar shekara ta duka motocin, da ta tirelolin kaɗai. In sauran duka ƙananan motoci ne, ku yi amfani da lambobin jadawali ku fitar da man da kowane ɓangare ya ƙona a kan hanyar. Kashi nawa ne na tireloli?

3. Bas mai yin kilomita 3.1 a lita, fasinja nawa ne mafi ƙaranci da za ta ɗauka kafin ta fi ƙaramar mota mai mutum huɗu amfani da mai?

4. Ku kasu gida uku. Rukuni ɗaya ya tsaya a bakin babbar hanya, ɗaya a titin cikin gari, ɗaya a layin unguwa, nesa da kwalta yadda ba haɗari. A rana ɗaya kuma a awa ɗaya, kowane rukuni ya ƙirga abin da ya wuce, babur daban, keke mai ƙafa uku daban, ƙaramar mota, bas, babbar mota, tirela. Ku kawo takardunku aji a mako mai zuwa, tare da littafin man duk wanda ya fara rubuta nasa.